Neman kujerar jam'iyya a mazaɓa cikin birnin Kano: tambayoyi da amsoshi

Duk sanda jam'iyya ta fitar da jadawalin zaɓen shugabanninta daga mazaɓa zuwa sama, tambayoyi iri ɗaya ne suke ta yawo a majalisun unguwa da teburin mai shayi, yawanci daga bakin matasa da matan da suka daɗe suna yi wa jam'iyya wahala amma ko kujera ɗaya ba su taɓa riƙewa ba. Ga su nan na jero, da irin amsar da zan ba ƙanina in shi ya tambaye ni. Da birnin Kano nake misali, amma kusan haka abin yake a Kaduna da Zariya da Jos da Sakkwato, sai dai kowace jam'iyya da nata kundin, ka nemi na taku ka karanta.

Wai shi kwamitin mazaɓar nan mene ne, ba shi ne kansila ba?

A'a ba shi ba ne. Kansila na gwamnati ne, duk mai katin zaɓe a mazaɓar yana da hannu a zaɓensa, kuma a Kano hukumar zaɓe ta jiha, wato KANSIEC, ce take shirya wannan zaɓen. Su kuwa 'yan kwamitin mazaɓa, waɗanda ake kira esko, na jam'iyya ne zalla, 'yan jam'iyya masu kati ne kaɗai suke zaɓarsu, kuma kowace jam'iyya da nata. Wato a Yakasai ko Gwammaja ko Giginyu za ka tarar ciyaman ɗin APC daban, na PDP daban, na NNPP daban, alhali kansilan guda ɗaya ne tal.

Jihar Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta da mazaɓu 484, takwas daga cikin ƙananan hukumomin su ne birni da kewayensa, wato Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo. A ƙasa baki ɗaya mazaɓu 8,809 ne. Ginin jam'iyya daga akwatin zaɓe yake farawa, sai mazaɓa, sai ƙaramar hukuma, sai jiha, sai shiyya, sai uwar jam'iyya a Abuja, kuma mazaɓa ce wajen farko da ake da cikakken kwamiti mai ciyaman da sakatare da littafin rajista.

Kujeru nawa ne, wacce ya kamata in nema?

A APC ana maganar mutum 27 a kowace mazaɓa, a PDP 17. Akwai ciyaman da mataimakinsa, sakatare, ma'aji, sakataren kuɗi, sakataren tsare-tsare, na yaɗa labarai, odita, mai ba da shawara kan shari'a, shugabar mata, shugaban matasa, wasu da mataimakansu, sai kuma kujerun da ba su da wani ofis na musamman.

Kowa ciyaman yake hange, kuma a nan ake kashe kuɗi ana ɓata zumunci. Ni in sabon shiga ne kai, sakatare ko sakataren tsare-tsare zan ce ka duba. Sakatare shi yake riƙe da rajista da rubutun duk zaman da aka yi, duk takardar da za ta fita daga mazaɓa sai da sa hannunsa kusa da na ciyaman, shi kuma na tsare-tsare shi ya san waye ejan a kowane akwati, waye zai kawo mutane taro. Mutumin da ya yi shekara huɗu a ɗaya daga cikin biyun nan ya fi wanda aka ɗauko aka ɗora a ciyaman sanin mazaɓar nesa ba kusa ba. Sannan ka fara tambaya ko akwai rabon kujeru tsakanin unguwanni, domin mazaɓu da yawa suna da tsohuwar yarjejeniya wadda ba a rubuce take ba, cewa in ciyaman ya fito daga wannan ɓangaren to sakatare daga wancan zai fito, in ka je ka nemi kujerar da ba rabon unguwarku ba ce ka tayar da rigimar da ba taka ba.

Malam, ƙaramar kujera ce fa. Meye amfaninta har mutum zai wahalar da kansa?

Wannan maganar ita take sa mutanen kirki su koma gefe su bar wa wasu. Bari in ba ka abin da ya faru a zahiri. A ƙarshen 2019 shugabannin mazaɓarsa ta 10 a ƙaramar hukumar Etsako ta Yamma a jihar Edo suka dakatar da Adams Oshiomhole, lokacin yana shugaban APC na ƙasa baki ɗaya. Mutane suka ɗauka wasa ne, a watan Maris 2020 kotu a Abuja ta dogara da wannan dakatarwar ta ce ya tsaya gefe, a watan Yuni kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar, kafin watan ya ƙare an rushe kwamitinsa an kawo riƙon ƙwarya na Mai Mala Buni. A Maris 2023 haka ta faru da Iyorchia Ayu shugaban PDP na ƙasa, mazaɓarsa ta Igyorov a Gboko ce ta dakatar da shi, daga nan Umar Damagum ya karɓi riƙo. Ko nan gida a Afrilu 2024 wasu sun fito da sunan mazaɓar Ganduje ta Dawakin Tofa suka ce sun dakatar da Abdullahi Umar Ganduje, shugaban APC na ƙasa a lokacin, jam'iyya ta ce ba halastattun esko ba ne, amma sai da maganar ta je kotu. Dalilin duk wannan guda ɗaya ne, komai girman mutum a jam'iyya sunansa a rajistar mazaɓarsa yake, in an taɓa shi a can an taɓa shi ko'ina.

Ba wai ina cewa ka shiga don ka dakatar da manya ba, yawancin irin waɗannan dakatarwar ma wasu ne daga sama suke kunno su. Ina nuna maka ne cewa sa hannun sakataren mazaɓa ba abin banza ba ne. Aikin yau da kullum kuma ya fi wannan yawa: ku ne masu yi wa sabbin mambobi rajista, ku ne masu ba da sunayen ejan-ejan na akwatuna, ku ake tambaya wa ya cancanci kansila, in an zo rabon wani tallafi ta hannun jam'iyya ku ne kuka san gidan marayu da gidan da maigida ya kwanta ciwo. In mutumin kirki ne a wajen sai abin ya kai inda ya kamata, in ba haka ba a ɗakin mutum uku zai ƙare. Wanda kuma ya ga 2019, da aka ce zaɓen gwamnan Kano bai kammala ba aka dawo ranar 23 ga Maris idon ƙasar nan gaba ɗaya yana kan mazaɓar Gama ta Nasarawa, ba sai an gaya masa nauyin mazaɓa ɗaya ba.

To esko su ne daliget?

Da can wasu daga cikinsu suna shiga zaɓen fid da gwani kai tsaye saboda kujerarsu. Dokar zaɓe ta 2022 ta zo ta ce daliget ɗin da aka zaɓa musamman don wannan aikin su kaɗai za su yi zaɓe, majalisa ta yi gyara a watan Mayun shekarar don a dawo da sauran amma Shugaba Buhari bai sa hannu ba. Shi ya sa a 2022 APC ta fitar da mutum 5 daga kowace mazaɓa, PDP mutum 3. Sai dai kowa ya san ba a fitar da waɗannan sunayen ba tare da esko sun sani ba, in kuma 'yar tinƙe za a yi, a mazaɓar ake yi, da rajistar da take hannunku. Dokar zaɓe ana yi mata gyara lokaci zuwa lokaci, don haka ka nemi wadda ake aiki da ita a shekarar da za ka tsaya.

Me nake buƙata kafin in fito?

Shekara 18 zuwa sama, katin jam'iyya, katin zaɓe na mazaɓar, kuma kar ana binka kuɗin mamba in jam'iyyarku tana karɓa. Abin da yake kayar da mutane tun kafin a je fili shi ne rajista. Kati a aljihu daban, suna a littafi daban. Ka je wajen sakatare ka ga sunanka da lambarka da idonka, in rajistar ta koma ta intanet ka tabbata an shigar da kai a akwatin da kake zaɓe, ka ɗauki hoto ka ajiye. Dokar 2022 ta wajabta wa jam'iyya ta miƙa wa INEC rajistar mambobinta kwana 30 kafin taron zaɓe, ka ga kenan wanda ya tashi yin kati ana saura sati ɗaya ya makara. Haka za ka yi wa mutanenka ma, don magoyin bayan da ba shi da suna a rajista ranar zaɓe ɗan kallo ne.

Fom ɗin kuma yana buƙatar masu tsaya maka, 'yan jam'iyya masu kati daga mazaɓar. Kar ka kwaso su daga layinku kaɗai, ka baza su unguwa-unguwa.

Haya nake a unguwar, ba a nan aka haife ni ba. Zan iya?

Za ka iya, kundin jam'iyya mazaunin mazaɓa ya sani mai rajista a cikinta. Amma kar in ɓoye maka, a cikin ganuwa irin su Sheshe da Mandawari da Zango ana tambayar ɗan gidan wa ne, kuma tambayar tana da nauyi. A Hotoro ko Ɗorayi ko Rijiyar Lemo inda rabin mutane zuwa suka yi, abin ya fi sauƙi sosai. In ka koma sabuwar unguwa ka fara zuwa ofishin INEC na ƙaramar hukuma lokacin da aka buɗe rajista ka mayar da katin zaɓenka can, sannan ka mayar da na jam'iyya.

Nawa ne kuɗin fom?

Fom ɗin kansa ba shi ne tsadar ba. A zaɓen 2021 APC ta sa na ciyaman ɗin mazaɓa naira 10,000, ƙananan kujeru 2,000, mata da masu buƙata ta musamman rabin kuɗi. Kowane zagaye da nasa farashin. Ka biya ta banki a asusun da jam'iyya ta sanar, ka riƙe tela, wato takardar shaidar biya, ka yi mata kwafi, kar ka ba wani kuɗi a hannu wai zai karɓo maka.

Matsalar da aka fi fama da ita ita ce fom ɗin ya ɓace. Sai ka ji an ce wani babba ya saye na mazaɓar gaba ɗaya, ko na ƙaramar hukumar ma, ya kai gidansa yana raba wa wanda ya ga dama. In haka ta faru kai dai ka biya a banki cikin wa'adi, ka rubuta takarda zuwa kwamitin da aka turo ka haɗa da kwafin tela, ka sa a buga maka hatimin karɓa a naka kwafin. Kuɗin da ya fi tafiya na zirga-zirga ne da shayi da katin waya da gudummawar biki da suna, wannan kuwa ka yanke wa kanka iyaka tun farko, kar ka taɓa jari ko kuɗin makarantar yara.

An ce maslaha za a yi, an riga an rubuta sunaye. Dole sai ina da ubangida kenan?

Gaskiya mafi yawan esko a Kano da ma sauran jihohi ta maslaha suke fitowa. Masu ruwa da tsaki na mazaɓa, wato tsofaffin kansiloli, ɗan majalisa in yana ciki, dattawan jam'iyya, masu riƙe da muƙami, su zauna su raba kujeru, ranar taro a karanto sunaye a ce kun amince a ce eh. Ita maslaha ba laifi ba ce in da gaske an zauna da kowa, tana rage gaba a unguwa, mutanen da za su haɗu a masallaci ɗaya gobe ba dole sai sun yi layi a bayan juna ba. Inda ta lalace shi ne in ta koma ɗauki-ɗora, mutum ɗaya ya rubuta suna 27 a falonsa, rabi ma yaran gidansa ne, wasu ko taron jam'iyya ba su taɓa zuwa ba. Irin wannan esko ɗin ranar zaɓe ba sa iya kawo akwatin ƙofar gidansu, kuma jam'iyyu sun sha faɗuwa a kan haka suna neman dalili a wani waje.

To kai me za ka yi? Ka san su waye suke zama a ɗakin, ka je ka gaishe su ɗaya bayan ɗaya tun da wuri, ka ce ranka ya daɗe ga abin da nake nema, ga aikin da na yi wa jam'iyya, ina neman albarkarku. Wannan ladabi ne, ba maula ba ce. Amma kar ka je hannu rabbana, abin da yake sa a saka sunan mutum a maslaha shi ne a san in an cire shi akwai asara. In kana da akwatuna huɗu ko biyar da suke jin maganarka, da ƙungiyar matasa ko ta mata da take tare da kai, ko wanda ba ya sonka sai ya yi lissafi da kai. Ubangida yana da amfani, ba na musu, sai dai wanda ubangida kaɗai ya kawo shi, ran da ubangidan ya sauya sheƙa ko suka ɓata da gwamna shi ma ya tafi kenan. Sannan maslaha sai da yardar waɗanda suka sayi fom, in ba ka janye ba ka da haƙƙin cewa a yi zaɓe. Kar ka sa hannu a takardar janyewa sai ka karanta, kuma sai ka ji me aka tanadar wa mutanenka, ba kai kaɗai ba.

Yaya ake kamfe ɗin irin wannan kujerar? In buga fosta?

Fosta ita ce ta ƙarshe, in ma ba ka buga ba babu abin da zai ragu. Masu zaɓarka ba duk unguwa ba ce, 'yan jam'iyya ne masu rajista, kuma waɗanda za su fito ranar ba su kai yawan da kake zato ba. Ka samo jerin akwatunan mazaɓarku, a kowane akwati ka nemi mutum biyu ko uku da aka san su da jam'iyyar, wanda ya yi ejan a zaɓen da ya wuce, uwar da take tara mata, dattijon da ake zama ƙofar gidansa bayan la'asar. Ka bi su gida, ba a waya ba. Ka saurari ƙorafinsu, za ka ji yawanci abu ɗaya ne, an yi amfani da su ranar zaɓe an manta da su, ko kuɗin ejan ɗinsu wani ya cinye. Kar ka yi musu alkawarin aiki ko kwangila, ba a hannunka suke ba, ka yi alkawarin abin da za ka iya: zama duk wata, sanarwa a kan lokaci, duk abin da ya zo a faɗa a gaban kowa.

Jana'iza, dubiya, ɗaurin aure, aikin gayyar yashe kwata kafin damina, nan ake sanin mutum, kuma wanda ya fara zuwa bayan jadawali ya fito kowa ya gane abin da ya kawo shi. Group ɗin WhatsApp yana da amfani wajen kiran taro, Facebook kuma yana sa manya su san da kai, amma zagin abokin takara a can ko a gidan rediyo ba ya ƙara maka ƙuri'a ko ɗaya, kuma bayan zaɓe a kwamiti ɗaya za ku zauna. Mai unguwa da limami ka gaishe su don girmamawa, kar ka ja su cikin rigimar jam'iyya, na kowa ne su.

NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 ba da kuɗi ta shiga lunguna ba, teloli da 'yan koli da malaman zaure ne suka riƙe rassanta unguwa-unguwa, ana kama su ana ɗaurewa suna dawowa. Duk wanda yake alfahari da siyasar Malam Aminu Kano ya tuna a wannan matakin aka gina ta.

Ranar zaɓen me zai faru?

Uwar jam'iyya tana turo kwamitin zaɓe zuwa jiha, su kuma su tura mutane ƙananan hukumomi da mazaɓu da takardar sakamako. Kafin ranar akwai tantancewa, ka je da asalin takardunka da kwafi. Ranar kuma a wajen da aka sanar ake yi, ofishin jam'iyya na mazaɓa ko filin wata firamare, a tantance masu kati, in maslaha ce a karanta a amince, in an ƙi sai a yi ƙato bayan ƙato ko a jefa ƙuri'a, ya danganta da ƙa'idar da aka fitar.

Ku fito da sassafe kai da mutanenka, kowa da katinsa, a tanadi ruwa saboda jami'an suna iya kaiwa azahar ba su zo ba kuma gajiya ce take korar mutane. Ka sa mutum biyu masu nutsuwa su tsaya wajen ƙirga, a ɗauki bidiyo, a ɗauki hoton takardar sakamako bayan an sa hannu. Ka sa kunne sosai kan canjin waje, tsohuwar dabara ce a bar ku a firamare a je wani gida a cike takarda.

INEC ce take gudanarwa?

A'a, jam'iyya ce. INEC ido take sawa ta rubuta rahoto. Dokar 2022 ta ce a ba ta sanarwar kwana 21 kafin taron, in ba a ba ta ba taron bai inganta ba. In an yi taro biyu a mazaɓa ɗaya, abin da ake dubawa shi ne wanne kwamitin da uwar jam'iyya ta turo ya gudanar, wanne kuma jami'in INEC ya halarta.

An cire sunana bayan na ci. In tafi kotu?

Ka fara da kwamitin sauraron ƙorafi na jam'iyya, kwanakinsa kaɗan ne, ka kai a rubuce da hoto da bidiyo da kwafin tela. Kundin manyan jam'iyyu ya ɗauki zuwa kotu kafin a bi matakan cikin gida a matsayin laifi, har kora ana yi a kai.

Kotu kuma ka san abin da za ka tarar. A 2021 APC ta yi zaɓen mazaɓu ranar 31 ga Yuli, na ƙananan hukumomi 4 ga Satumba, na jiha 16 ga Oktoba, a Kano aka rabu biyu, ɓangaren Gwamna Ganduje da Abdullahi Abbas, ɓangaren Malam Ibrahim Shekarau da Ahmadu Haruna Zago. Babbar kotu a Abuja ta ba ɓangaren Shekarau gaskiya a ƙarshen Nuwamba, a Fabrairu 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin ta ce waccan kotun ba ta da hurumi, a watan Mayu kotun ƙoli ta tabbatar da haka, a watan dai Shekarau ya koma NNPP. Waɗannan sanatoci ne da manyan lauyoyi, wata da watanni suka yi, kuma kotuna sun daɗe suna cewa shugabancin jam'iyya harkar cikin gida ce. Abin da ya fi damuna a wannan labarin 'yan mazaɓa ne, dubban mutane da suka sayi fom suka yi layi a rana a ɓangaren da bai yi nasara ba, kujerunsu suka tafi ba tare da an ko ambaci sunansu ba. Kano ta saba da jam'iyya ta dare gida biyu tun santsi da taɓo a PRP, don haka in ka ga alamar za a yi taro biyu ka zauna ka yi tunani da kanka kafin ka zaɓi filin da za ka tsaya.

Ni mace ce. Shugabar mata kaɗai zan iya nema?

A'a Hajiya, babu inda aka rubuta haka. Ma'aji, sakatare, odita, ciyaman ɗin ma, duk kina da dama. Al'ada ce ta sa ake tura mata kujera ɗaya alhali ranar zaɓe layinsu ya fi na maza tsawo a akwatuna da yawa, kuma su suke shiga gidajen da namiji ba zai shiga ba. Hajiya Gambo Sawaba daga reshen mata na NEPU a Sabon Garin Zariya ta fara, ta sha ɗauri a lokacin da matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ita, sai a 1976 suka samu.

Shawarata ki fara da gida, maigida ko iyaye su san komai daga bakinki kafin su ji a waje, domin za a yi magana. Ki kuma tsaya kan a riƙa yin zama da rana ko da yamma. Yawancin abin da ake yanke wa mata a bayansu a zaman dare ake yanke shi, in kuna da yawa a kwamiti kuna iya sa a canza lokacin.

Ina aikin gwamnati fa?

Kotun ƙoli a shari'ar INEC da Balarabe Musa a 2003 ta ce ma'aikaci yana da 'yancin shiga jam'iyya, amma dokokin aikin gwamnati sun hana shi riƙe muƙami a cikinta ko yin siyasa a fili. Kati daban, zama sakataren mazaɓa daban. Kar ka yi wasa da aikinka da fanshonka a kan wannan.

Akwai albashi?

Babu. Wani lokacin in jam'iyyarku ce da gwamnati ana ɗan ba da alawus ko kayan azumi da na sallah, in kuna adawa kuwa kai za ka riƙa haɗa kuɗin hayar ofis da na kujerun taro. Ƙofar gidanka kuma za ta cika da masu takardar asibiti da kuɗin jarrabawa, suna ganin ana ba ka wani abu kana ɓoyewa. Shi ya sa nake roƙon duk matashin da zai shiga ya riƙe sana'arsa da hannu biyu. Esko ɗin da ba shi da abin yi shi ne wanda ake saye da kuɗin cefane ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, wanda yake da shagonsa ko kekensa ko aikin hannunsa yana iya kallon babban mutum cikin ladabi ya ce ranka ya daɗe wannan ba daidai ba ne.

Ana cewa sai da 'yan jagaliya. In nemi nawa?

Kar ka soma. Yaran nan ƙannenmu ne, ana ba su ƙwaya da 'yan canji su sari juna a kan kujerar da ko albashi ba ta da shi, in an kama su ba mai zuwa beli, in an ji wa wani rauni sunanka za a kira har abada a unguwar. In kana tsoron za a kawo hargitsi ku sanar da DPO a rubuce kafin ranar, ku sa dattawa su zauna a wajen, in abin ya ɓaci ka janye mutanenka ka kai ƙorafi.

In na ci, shekara nawa zan yi, kuma za a iya cire ni?

Shekara huɗu, tsarin mulkin 1999 ma a sashe na 223 ya ce kar zaɓen shugabannin jam'iyya ya wuce shekara huɗu ba a sake ba. Ana iya dakatar da kai in an same ka da antifati, wato yi wa jam'iyya zagon ƙasa, ko cin kuɗin jam'iyya ko ƙin zuwa zama, amma sai an rubuto maka laifinka an ba ka dama ka kare kanka. Uwar jam'iyya kuma tana iya rushe shugabancin jiha gaba ɗaya ta naɗa riƙo in rikici ya yi yawa, ku ma abin ya shafe ku. Ranar da aka rantsar da ku ka nemi a miƙo rajista da littafin zama da duk kayan ofis a rubuce, kuma zaman farko ka gayyato waɗanda suka faɗi, su ma 'yan jam'iyya ne kuma akwatunansu suna nan.

Daga nan zan iya neman kansila ko ɗan majalisa?

Sosai, da yawa daga nan suka taso, kuma gyaran tsarin mulki na 2018 ya sauko da shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Sai dai ba a riƙe biyu. In za ka shiga zaɓen fid da gwani dole ka ajiye kujerar jam'iyya kafin lokacin, kundin ya faɗi yawan kwanakin, haka in an ba ka muƙami a gwamnati. Ka rubuta takardar ajiyewa da kwanan wata, ka kai wa sakatare da ofishin ƙaramar hukuma, a buga maka hatimi a kwafinka, saboda ranar tantancewa abokin takararka wannan takardar zai fara cewa a nuna.